Hannun Mai Fasa Dutse

A shekarun da kuɗin mai ya shigo, ko'ina titi ake yi, ni kuma ina aikin inshora. Duk leburan da ya ji rauni a bakin aiki, ni ake turawa in gani da idona kafin a biya shi diyya. Ba ni da zama a lokacin. Matata takan ce babur ɗin ofis ya fi ta sanina.

Akwai wani Bafulatani da fari ya kashe wa shanu, ya shiga aikin fasa dutse a bayan Kazaure, inji ya matse masa hannun dama. Ana sallamarsa daga asibiti ya ɓace. Na je Roni aka ce yana Gwiwa, na je Gwiwa aka ce ya bi surukinsa Babura. A ofis kuma an ce in wata ya ƙare ban kawo bayani ba, za a rufe maganarsa, ya tashi a tutar babu.

A Babura na same shi zaune a gefen tabarma, surukin yana tsakiya. Bayan gaisuwa na ce, "Malam, miƙo hannun in gani."

Ya sunkuyar da kai. "Ai ya warke, ranka ya daɗe."

"To, damƙe yatsun."

Sai ya tura hannun cikin riga. Tsohon ya ce, "Yaro ya ce ya warke. Me kuma ya rage?"

Raina ya ɓaci. Na san kunyar suruki, amma wannan za ta cinye shi har da iyalinsa, ni kuma ba dama in rubuta abin da ban gani ba. Na yi sallama, na tura babur gaba kaɗan, na kasa tafiya. Na zauna, na tashi, na sake zama. Daga baya na zagayo ta bayan gida neman ruwan alwala.

A bayan rumbu na gan shi tsugune shi kaɗai, yana cin tuwo da hagu, da sauri, yana waiwaye. Hannun daman yana kan gwiwarsa, ƙudaje sun sauka a kai bai ko ji ba. Sai a lokacin na lura da ramar da ya yi, tausayinsa ya kama ni.

Muka haɗa ido. Ya ajiye lomar.

"Tun da na dawo ban ci abinci cikin mutane ba," in ji shi. "Rubuta abin da ka gani, Malam. Amma don Allah kada Baba ya ji."