Gaisuwar da Ta Cinye Minti Uku

Intabiyu na shida ke nan da na je a cikin shekara biyu, kuma daga shi ban sake zuwa wani ba. Wani kamfanin iri da taki ne a Funtua ke neman wanda zai riƙa kula da manyan dillalansa na Malumfashi da Kafur, ya ji kokensu, ya lallashe su kada su koma wa wani kamfanin. Ana gobe zan tafi, Baba ya ce da ni, "Ka je. In ba a dace ba ka dawo mu kama gona, ruwa ya kusa sauka. Na gaji da ganinka kana goge takalmi." Ba cikin fushi ya yi maganar ba, shi ya sa ta fi ci mini rai.

Daga Dayi na hau babur zuwa Malumfashi, na shiga motar Funtua, na rungume takarduna a ƙirji kamar jariri. Ƙarfe tara aka ce mana, amma sai bayan azahar aka kira ni. Kafin nan yunwa ta gama da ni, gugar rigar ma ta baje.

Mutum biyu na tarar a ciki: wata mata daga babban ofishinsu, da wani dattijo mai furfura a gemu, manajan shiyya. Matar ta tambaye ni inda nake hango kaina nan da shekara biyar. Ni da ban san inda zan kasance a daminar bana ba! Na dai karanto mata abin da na haddace.

Daga nan ta ce za a gwada ni. Dattijon zai zama dillalin da ya yi fushi saboda an makara kai masa kaya, ni kuma in shawo kansa da Hausa cikin minti uku. Ta ajiye wayarta a tebur, ta danna agogo.

Na gyara zama, na ɗan rusuna, na ce, "Alhaji, barka da rana."

Ya ce, "Barka kadai."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya iyali? Yaya kasuwa? Ya muka ji da zafin nan?"

Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, fushin da aka ce ya yi ya bi iska. Har shi ma ya tambaye ni mutanen gida. Da na ambaci Dayi, ya ce yaya hanyar take yanzu, an yi shuka a wajenmu? Na buɗe baki ke nan zan kawo maganar kaya, wayar ta yi ƙara.

Matar ta ce na cinye lokacin ban taɓo matsalar ba. Na so in ce mata a nan ba a faɗa wa babba magana tsaye, wanda ka gaisar da kyau ya riga ya sauko rabi. Na dubi dattijon ko zai faɗa a madadina. Ya sunkuyar da kai yana juya biro. Ni kuma na gaji, wallahi na gaji, na ce na gode, na fito.

Ba su kira ba. Ruwa ya sauka, na ɗauki fartanya.

Wata biyu bayan haka Baba ya aike ni sayen taki wurin wani babban dillali a Malumfashi. Muna cikin gaisawa sai ga wanda kamfanin nan ya ɗauka, na gane shi, benci ɗaya muka zauna ranar intabiyun. Ya yi sallama a tsaye, ya buɗe jaka, ya zuba bayani tiryan-tiryan, ko minti uku bai kai ba. Alhajin ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "To, Malam, an ji." Ya juyo wurina ya ce, "Ina muka tsaya? Yaya ƙafar Baban naka?"

Na zaci zan ji daɗi, amma ban ji komai ba. Na ce ƙafa da sauƙi, na ɗora buhuna a babur, na kama hanyar Dayi, don akwai noman da ban ƙarasa ba.