Hoton da Auta Ya Rantse Ya Goge

Masu hoto Anti Bayani suke ce mata, kuma sunan ya bi ta har ya danne na yanka. Shekararta hamsin da biyu, kullum tabarau a kan karan hanci, tana zaune a kujerar da aka tokare ƙafarta ɗaya da tsohon littafi. Ɗakin aikinta bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, a matse tsakanin tela da mai gyaran waya, amma duk mai rataye da kamara a layin ya san ƙofar.

Ita ba ta ɗaukar hoto, ko riƙe kamarar ba ta iya ba. Abin da ta iya shi ne sa a ga hoto. Mai hoto zai kwaso hotuna dubu, kowanne lamba ce sunansa, ya zuba a shafinsa na intanet, ya naɗe hannu yana jiran duniya ta zo. Duniya kuwa ba ta zuwa. Sai Anti ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta raɗa wa kowanne suna, ta rubuta masa bayani da irin kalmomin da mutane ke bugawa in suna nema, ta rage masa nauyi don ya buɗe da wuri ko a tsohuwar waya. Bayan 'yan makonni, in wani ya buga abin da yake nema, sai ka ga hoton a sahun gaba.

Ba ta da haƙuri da iyayi. Dogo, mai hoton biki, ya taɓa kawo mata wani hoto da ya sa wa suna "Kewar Zuciya".

"Kai Dogo, tun da kake, ka taɓa jin wanda ya buga kewar zuciya yana neman hoto? Me ke ciki?"

"Wani tsoho ne yana gyaran keke, Anti."

"To haka za ka rubuta. Tsoho yana liƙin tayar keke a bakin titi. Injin binciken nan ba ya jin waƙa."

Doka ɗaya gare ta, kuma ko kai waye ba ta sassauta maka. Hoton mutum a cikin tashin hankali, mai kuka ko wanda ya faɗi, ba ta taɓa shi sai mai shi ya yarda da bakinsa. Tana da dalili.

Kafin wannan aikin, shagon buga takardu gare ta. Shekara tara da suka wuce wuta ta tashi da rana tsaka, ta cinye injina da takardun mutane, ba a fid da ko allura ba. Anti ta zube a cikin toka, ɗankwali ya faɗi, kai a buɗe, tana irin kukan da ko ranar rasuwar mijinta ba ta yi ba. Ƙaninta Auta yana tsaye a gefe, Autan da ta goya a bayanta, ta kuma saya masa kamararsa ta farko. Ta ji ƙarar danna kamararsa. Bayan kwana biyu ta kira shi.

"Auta, ban taɓa roƙonka komai ba. Ka goge hoton nan."

"Wallahi Yaya, tun a ranar na goge."

Ta yarda. In ba ta yarda da ɗan'uwanta ciki ɗaya ba, da wa za ta yarda?

Bara sai ga Auta, yanzu magidanci da furfura a gemu da 'ya'ya huɗu, ya ce aiki ya yi mata yawa, ta koya masa ya riƙa yin nasa. Murna kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Mako uku tana koya masa, ba ta ɓoye masa komai ba, har ɗan sirrinta da ba ta faɗa wa kowa: a fara da mutum, sannan abin da yake yi, sannan wurin. Baiwar Allah, ashe wuƙar da za a yanka ta da ita take wasawa.

Wata Talata da hantsi, Dogo ya ajiye mata hotunan wani kamfanin sayar da kayan kashe gobara, ya ce zai dawo bayan azahar. Kamar yadda ta saba, ta fara duba abin da ke saman bincike kafin ta rubuta nata. Ta buga "gobara a shago".

Ita ce ta farko. Ga ta a cikin toka, gashinta a waje, bakinta a buɗe. Ta cire tabarau ta goge da mayafi ta mayar, hoton yana nan. A ƙasa an rubuta: mace tana kuka babu ɗankwali a cikin shagon da ya ƙone. Mutum, abin da yake yi, wurin. An rage masa nauyi, ya buɗe nan take, babu kuskure ko ɗaya.

Ko ƙofa ba ta kulle ba. Ta iske Auta a ɗakin hotonsa, tsakanin fitilu da farin labule, yana kaɗa wa wani jariri makulli don ya yi dariya. Ta jira uwar ta ɗauki ɗanta ta fita, sannan ta miƙa masa waya. Ya duba.

"Yaya, ai ban sa sunanki ba."

"Fuskar ma ba tawa ba ce?"

"Ki tsaya ki ji. Shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa ɗaukar hoto kamar wannan ba. Na sa hannu zan goge ya fi sau goma, na kasa. Shi ya jawo mutane shafina, Yaya. Da ba su san ina duniya ba."

"Ka rantse mini da Allah, Auta."

"A yi haƙuri. Bari in cire yanzu a gabanki."

Ya cire kuwa. Ta karɓi wayar ta sake bugawa. Ita da ta san aikin ta san abin da za ta gani, amma zuciya ba ta haƙura. Hoton yana shafin masu inshora. Yana kan wani rubutu game da talauci. Wasu marasa kunya sun ɗauka sun rubuta a kai wai matar da ta ga kuɗin wutar lantarki, mutane sun yi ta dariya a ƙasa. Ta iya fito da hoto daga ƙarƙashin dubu, amma babu wanda ya iya mayar da shi, ita ma haka. Abin ya ci mata rai ƙwarai, kuma ba hoton ne ya fi cin ta ba, mako ukun nan ne, da yadda yake cewa "ƙara maimaita mini, Yaya" yana rubutawa a littafi.

Da ta koma, Dogo yana zaune a bencin ƙofa yana jiranta. Ya ga idonta, ya ga abin da ke kan kwamfutar da ta bari a kunne, sai ya sunkuyar da kai. Sunkuyawar nan ce ta tsayar da ita.

"Dogo, dube ni. Ka taɓa ganin wannan?"

Ya yi ta murza igiyar kamararsa.

"Anti, don Allah…"

"Tambayarka nake yi."

"Duk mun gani, Anti. Tun bara. Mun rasa wanda zai iya faɗa miki ne."

"Ku nawa?"

"Duk layin," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In sabo ya shigo sana'a, da shi ma muke nuna masa yadda ake rubuta bayani."