Ɓerayen da suka san waƙata

Ku matso, 'ya'yana, ku kasa kunne. Har ranar da za a kai ni makwancina ba zan manta shekarar da ɓeraye suka tasar wa irin hatsinmu ba, can ƙauyenmu na wajen Mayahi.

Damina ta yi gardama a shekarar. Dami uku na iri muka ware a rumbu, irin da mahaifina ya bar mini, mai nuna da wuri. In ya ƙare, ba mu da abin shuka. Kullum na leƙa sai in tarar da zangarniya a gwaigwaye.

Malam, maigidana, ya rataya rediyo a bakin rumbu don ya kore su. Kwana biyu suka yi ɗari-ɗari, daga nan suka saba, pil, wato batir, kawai muke ƙonawa. Ya ce a bar wa Allah. Na ce Allah ne ya ba ni ido da kunne, irin nan kuwa sai na shuka shi.

Sai na sa ido. In surukata, matar ɗana, tana daka tana waƙarta, ko wutsiya ba ka gani, don ita tana share gindin turmi tas. Amma da na ɗauki taɓarya na fara waƙar sussukar da na gada wurin innata, da luguden da ke tafe da ita, sai ga kawuna daga ƙarƙashin rumbu, da rana tsaka. Ni mai zubar da tsaba ce, sun kuma san muryata.

Malam ya yi dariya: “Tsohuwa, yanzu har makaɗiyar ɓeraye kika zama?”

Na ce, “Zauna ka ga biki.”

Na binne randa a gindin turmi, na zuba ruwa rabi, na rufe fuskarsa da ƙaiƙayi da 'yar tsaba. Surukata ta yi tata waƙar, shiru. Na yi tawa, na ja da baya. Sai ji muke tsulum, tsulum. Kwana bakwai ina waƙa har muryata ta dushe, dami biyu suka tsira, muka shuka.

Malam ya rigaye mu, Allah ya jiƙansa. Surukata tana garin Tasawa, ita ke riƙe da irin yanzu, har waƙar ta koya. Ni kuwa tun ranar na san duk abin da ke cin abincinka yana saurarenka, kai ma sai ka zauna ka saurare shi.