Tururuwa a Cikin Nonona

Har yau idan na ga tururuwa tana yawo a bakin kofi sai raina ya ɓaci. Ƙwaron da bai kai ƙwayar gero ba, shi aka naɗa alƙali a kan ɗana.

Ina jegon fari a unguwar Hajj Yusuf, a gidan Inna mahaifiyata, don maigidana yana Aljirif wajen gasa bulo, sai Juma'a yake leƙowa. Na kai yaro rigakafi asibitin unguwa, na tarar da wasu mata masu bincike daga Omdurman, can hayin kogi, suna neman masu haihuwar fari. Babbarsu, wadda kowa ke kira daktora, ta ce nono kaɗan suke so a kwalba. Wai maganin ƙwarin da aka yi shekaru ana fesa wa auduga a yankin Jazira ba ya barin jikin mutum, maƙalewa yake a kitse, kuma a nono ake iya auna shi.

Ni kuwa a Jazira aka haife ni. Baba ne mai riƙe tuta a bakin gona don jirgin feshi ya gane layi, kullum ya dawo da riga a jiƙe tana wari. Shuɗin barmil, wato duron da muke tara ruwan sha, na maganin ne asali, Inna ta wanke shi da toka, da shi muka yi ƙaura zuwa birni. Na tatsa musu, suka rufe kwalba suka sa a ƙanƙara.

Da na koma gida na ba Inna labari. A duk bayanin nan kalma biyu kaɗai suka shiga kunnenta, guba da nono.

Ta ce, "Yo don wannan sai an haye kogi? Miƙo min ludayi, 'yar nan."

Na san abin da za ta yi. Haka tsofaffinmu ke gwada nonon mai jego: a tatsa, a jefa tururuwa. In ta fito, nono lafiyayye ne. In ta mutu, ya ɓaci. Kafin in ce wani abu ta aika an kira maƙwabciyarmu, ita kuma ta zo da son ganin ƙwaf da 'yarta da wata baƙuwa. Na tatsa a ludayin, Inna ta kamo tururuwa a gindin gwangwanin sukari ta saka. Manyan mata sun sunkuya a kan ludayi kamar masu duban wata. Tururuwar ta yi iyo, ta yi iyo, ta kife.

Inna ta tafa hannu tana salati. "Kin gani? Likitar ma ta gani, kunyar faɗa miki ta ji."

Na ce, "Haba Inna! Ko ni aka jefa a tafkin nono ai nutsewa zan yi."

Ba wanda ya yi dariya. A ranar Inna ta ɗauke yaro ta kai ɗakinta, aka sayo madarar gwangwani, ana dama masa da ruwan barmil. Na yi faɗa, na yi kuka, na aika wa maigidana, ya ce a bi maganar manya. Ni ma kuma tsoro ya kama ni, don ba Inna ce ta fara cewa guba ba, daktora ce. In na ƙwace shi na ba shi wani abu ya same shi, da wane ido zan dubi mutane? Ƙirjina ya kumbura ya yi tauri, ina tatsewa a bayan ɗaki ina zubarwa a ƙasa, ina jin kukansa ta katanga.

Zawo ya kama shi. Aka ce haƙori ne, yaron da ko zama bai fara ba! Na zauna jiran sakamako, kullum in leƙa asibiti a ce masu binciken ba su dawo ba. Ranar da na ga maɗigarsa ta faɗa ciki, na goya shi ban yi wa kowa sallama ba. Mota zuwa Bahri, wata ta haye gada, sannan raksha mai ƙafa uku, ina tambaya har na gano ofishinsu.

Na ce wa daktora, "Na zo karɓar sakamakona. Akwai gubar ko babu?"

Ta ce ai babu sakamakon mutum ɗaya. Nonon matan unguwa duka suke juyewa wuri guda su auna, don su san halin da yankin ke ciki. Sai ta ga kwalbar madara a hannuna, ta buɗe zanen goyo, fuskarta ta canza.

"Wa ya ce ki daina ba shi? Ko akwai abin a jikinki, nononki ya fi masa wannan nesa ba kusa ba!"

Wallahi kamar in kife teburin. Na ce, "Daktora, kin iya faɗa min abin da ke kitsena, ba ki iya faɗa min wannan ba?" Ta ce ta faɗa a ranar. Wataƙila ta faɗa, lokacin yaro na tsala ihun allura, ni ban ji ba. Ta sa aka kai mu aka ɗaura masa ruwa.

Da muka dawo gida na tatso akuyar maƙwabta a ludayin nan, na jefa tururuwa a gaban Inna. Ita ma ta kife. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wannan dai raguwa ce, a samo wata. Amma da hannunta ta kwance yaron ta ɗora min a cinya. Barmil kuwa ba wanda ya taɓa jefa masa tururuwa, sai da na fasa shi da taɓarya.

Na zauna a tabarma na ba shi. Ya kama da sauri, bai manta ba. Ya ja, ya ja, har gumi ya tsatso masa a goshi. Inna na tsaye a kaina da kwanon kunun kanwa tana cewa nonon zai kawo, zai kawo. Yaron ya saki, ya ɗago ya dube ni, bakinsa a bushe.