Hannun Hagu a Aljihu

A kasuwar tsofaffin kaya ta birnin Plovdiv, Nevena na tsaye tana kallon tsohon da ta kawo wa rediyon marigayi mijinta. Gajere ne, taba ta rina masa gashin baki, tabaransa ɗaure da zaren waya. Da hannun dama kaɗai yake aiki, hagun na cikin aljihu kamar an ɗinke shi.

Yana cire rediyon daga wuta, ta miƙa yatsa za ta share ƙurar ciki.

"Kul, 'yar nan!" Ya gitta sukundireba kan wani ɗan gwangwani. Tas! Sai tartsatsi. "Kafasita ke nan, marowaciya. Ko an yanke wuta, tana riƙe da tata. Wancan naɗin wayar kuwa taurin kai gare shi: ki ba shi wuta ya yi ta nawa, ki janye ya yi harbi."

"Hannun fa, Baba? Ciwo ne?"

"Ƙalau yake. In ya fito, wuta ta samu hanyar bi ta zuciya."

Daga yadda ya faɗa, ta zaci ya taɓa raka gawar wani abokin sana'a mai aiki da hannu biyu.

Ya sauya gwangwanin, ya jona. Kiɗa ya taso daga tashar da mijin ya bari. Tsohon zai murɗa, ta ce, "Bar shi nan."

Sai ga hagun ya fito daga aljihu, riƙe da hankici, ya miƙa mata.