Wasiƙar da Ba Ta Wuce Teburin Malam Ƙugiya Ba

Ranar Lahadi, sha huɗu ga watan Satumba, da hantsi, ina tsaka da wanke-wanke babbar 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa, Baba. Ka karya kumallo, ka ce a miƙo maka jarida, ka sa jan biro ka gyara kanun labari guda a shafin farko, sannan ka jingina da kujera. Shi ke nan. Na Allah muke, kuma wurinSa muka nufa. Ta ce ba ka sha wahala ba. Na yarda, don na san da ka hango kuskure na biyu a shafin da ba ka tafi ba tukuna.

Ga wanda bai san mu ba, sana'ar kamfaninmu ita ce raɗa wa kaya suna. Mai sabulu ko mai katifa ya zo da hajarsa, mu nemo mata suna, mu zana tambari, mu zaɓi launi, mu ƙirƙiro 'yar jimlar da za ta maƙale a kunnen mutane. Ni ce mai rubuta jimlolin. Marigayin shi ne mai gyaran rubutu, shekara ashirin da biyu yana zaune a teburin da ke bayan injin buga takardu, inda ba taga kuma fanka ba ta kaiwa. Malam Ƙugiya muke ce masa, saboda 'yan lanƙwasar nan da ke kan ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda ya ɗauka amana ce aka ba shi shi kaɗai.

A bangon ofishinmu akwai ƙa'idojin aiki guda goma da manyan haruffa. Darakta ne ya rubuta su, kuma yana sauya su duk lokacin da ya dawo daga wani taron ƙara wa juna sani. Wata shekara sun ce mu saurari mai kaya, shekarar da ta biyo sun ce mai kaya bai san abin da yake so ba. Mun taɓa yin wata shida muna “tunani ba shinge”, har sai da mai gadi ya tambaya ko katangar za a rushe. Ƙa'ida ɗaya ce ba ta taɓa sauyawa ba, ita kuma ba ta kan bango: takarda ba ta fita daga gidan nan sai ta bi ta teburinka ka buga mata hatiminka mai cewa “A wuce”.

Da dalili aka kafa ta. Tun kafin zuwana, ka taɓa ɗaukar hutun mako guda, mai zane ya sami wasu kyawawan haruffa sirara waɗanda ba su san ƙugiya ba. Tallan sabulun kashe ƙwayoyin cuta ne, jimlar kuwa “Sabulun da ba ya ƙarewa”. Alluna goma sha biyu suka kwana uku a bakin titi suna shaida wa jama'a cewa sabulun ba ya karewa. Tun daga ranar Darakta da bakinsa ya kafa dokar hatimi, kai kuma ba ka sake ɗaukar hutu ba. A gabana ka tare tallan wani otal da ke cewa “Muna girmama baki”. Ba ka yi faɗa ba, cewa ka yi kada a yar, a ajiye wa mai man goge haƙori.

Ranar da na fara aiki na zo da digirina da kuma yaƙinin cewa ba wanda zai koya min rubutu. Takardata ta farko ta dawo ja jawur kamar an yanka kaza a kanta. Amma ba a gaban mutane ka ba ni ba. Ka ninke ta huɗu ka tura ƙarƙashin kofin shayina ka wuce, kamar mai ba da sadaka. Haka ka yi wa kowa. Masu zanenmu suna ji da kansu, kowanne gani yake duniya ce ba ta gane shi ba, amma ban taɓa ganin ka kunyata ɗayansu ba. In mai kaya ya ce a ƙara girman tambari a karo na biyar, mai zane ya kifa kai a tebur, kai ne kake zuwa ka dafa kafaɗarsa ka tuna masa cewa mai doki shi ke zaɓen inda za a ɗaure.

Yanzu sai in faɗi abin da ya sa na karɓi rubuta wannan ta'aziyya ban bar wa wani ba.

A watan Yuli Darakta ya sayo wata manhaja mai gyara rubutu. Ya kira ni ɗakin taro, wanda aka yi bangonsa da gilashi don kada a riƙa ɓoye-ɓoye, ya rufe ƙofa, ya juya maka baya. Ya ce kamfani zai sake fuska, kuma teburinka bai dace da sabuwar fuskar ba. Bai ce kora ba, mu ba ma faɗin irin waɗannan kalmomi. Cewa ya yi za a ba ka damar hutawa, kuma ni zan rubuta wasiƙar, tun da ni ce na taɓa sa mutane suka sayi maganin tari mai ɗaci suna murmushi.

Na rubuta, Baba. Ba zan yi maka ƙarya kana kwance ba. Na rubuta cikin minti arba'in, kuma ta yi kyau.

Sai sakatariya ta ƙi buga ta a takardar kamfani, ta ce ba hatimi. Doka doka ce. Darakta ya haƙura, don shi ya kafa ta, kuma ya fi son ya haɗu da mai sabulun nan da ya tsaya gaban teburinka. Saboda haka na goge sunan da ke sama, na kawo maka, na ce samfuri ne mai katifa ya roƙa, zai rage ma'aikaci. Ka karanta sau biyu. Ka tambaye ni shekara nawa mutumin ya yi yana aiki, na ce ban sani ba.

“A tambaya,” ka ce. “Wanda ya yi shekara biyu da wanda ya yi ashirin ba kalma ɗaya ake sallamarsu da ita ba.”

Washegari ta dawo ƙarƙashin kofina. Ashe manhajar Darakta ta bi ta kanta ta share duk ƙugiyoyin, don a ganinta datti ne. Inda na rubuta “aikinka ya ƙare” ya koma “ya kare”, kai kuma ka ja layi ka rubuta a gefe: “Wane karen?” Babu hatimi. Na kai wa Darakta, na ce tana wurin gyara. Ban taɓa jin daɗin kuskure kamar ranar ba.

Daga nan na fara zuba kurakurai da gangan. In cire waƙafi nan, in haɗe kalma biyu can, in mayar da namiji mace. Kai kuma ka kwashe kwana uku kana nazarin takarda mai sakin layi huɗu. Da nawa suka fara ƙarewa sai ka shiga nemo naka. A gefen “muna matuƙar baƙin ciki” ka rubuta “A tabbatar”. A gefen “ka kasance ginshiƙin wannan gida” ka rubuta “To me zai riƙe rufin?” Akwai makon da ka mayar da ita don kawai kwanan watan ya wuce, alhali a teburinka ya wuce. Kowace Litinin Darakta ya ɗaga tabarau zuwa goshi ya tambaye ni, ni kuma in ce tana wurin gyara. Mako tara muka yi a haka. Ni a wautata gani nake ni kaɗai ce ke wasan, kai aikinka kawai kake yi.

A mako na tara Darakta ya gaji. Ya ce in wata ya ƙare wasiƙar ba ta fita ba, shi da kansa zai rubuta, kuma guda biyu zai rubuta. Ya faɗa a ɗakin gilashi, wannan karon ya manta bai juya maka baya ba.

Ranar Alhamis ka kira ni teburinka ka jawo min kujera.

“'Yata, shekara bakwai ina karanta rubutunki. Na san kuskurenki kamar yadda na san tarin matata. Waɗannan ba naki ba ne, na aro ne.”

Na buɗe baki zan ambaci mai katifa, ka ɗaga min biro.

“Mai katifa ma'aikacinsa ɗaya ne, kuma ƙanensa ne. Kawo min mai tsabta ran Litinin in buga miki. Idona ma ya fara yi min gardama. Kada ki rasa kujerarki a kan wadda ko fanka ba ta kaiwa.”

Sannan ka ce in mayar da sunan a sama, in kuma tabbatar na rubuta shi daidai. Ranar Juma'a na zauna na rubuta ta, ba aibu ko ɗaya, na sa a jaka. Tana jakar lokacin da 'yarka ta kira.

Ranar Litinin Darakta ya tara mu yana hawaye, kuma na gaskiya ne. Shi mutum ne da yake gaskata duk abin da yake faɗa a lokacin da yake faɗarsa. Ya ce mun rasa ginshiƙi. Da aka watse ya matso ya tambaye ni a hankali ko takardar nan ta isa hannunka. Na ce ba ta wuce gyara ba. Ya sauke numfashi kamar wanda mota ta kusa bugewa. Saboda haka, ga duk mai son sani, Malam Ƙugiya ya rasu yana cikakken ma'aikacin wannan kamfani, ba wanda ya sallame shi sai Wanda Ya yi shi.

Sanarwar rasuwarka ita ce takarda ta farko da ta fita ba hatimi. Manhaja ce ta duba ta. An buga hotonka babba, an zaɓi launi mai nutsuwa, a ƙasa aka rubuta “Allah Ya jikansa”. Da na je gaisuwa na tarar da ita a hannun matarka, ta kira ƙaramin jikan naka ta ce ya zo ya ga an sa shi a jarida. Muka yi dariya har muka koma kuka. Na so in faɗa mata zancen wasiƙar, na fara kame-kame, ta ce in huta, ta san kowane saƙo da ka rubuta a gefenta, don a gida kake gwada su a kanta kafin ka kawo. Ta ce tun bara kake son ajiye aiki saboda idon, amma da zancen wasiƙar ya taso sai ka ce mata a bari tukuna, akwai wata yarinya a ofis da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta, kana taya ta jinkiri. Ta ce a shekara ashirin da biyu ba ta taɓa ganin aikin da ya sa ka nishaɗi kamarsa ba.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya suturta kurakuranka kamar yadda ka suturta namu. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Mama, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka, da masu zane da sakatariya da mai gadi, har da Darakta. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo.

Wannan ne rubutuna na farko cikin shekara bakwai da zai fita ba ka gani ba. Na karanta shi sau shida. Duk kuskuren da ya rage a ciki, wannan karon nawa ne.