Mitar Yayan Maigida

Ruwan shuka ya sauka a Illela, taraktar maigidana ta ƙi tashi. Ka murɗa makulli, ko tari ba ta yi. Manoman Lafani sun ba shi alkawarin haro, kuma ƙasa ba ta jiran kowa. In ta bushe, za su kira wani, shekarar ta wuce mu ke nan.

Mai rewayan da ya saba duba mata wuta ya yi tafiya. A waya ya ce a sayi mitar gwada wuta, 'yar ƙarama ma ta isa, shi zai riƙa faɗin inda za a taɓa. Kuskuren maigida ɗaya ne: ya faɗi maganar a gaban yayansa.

Yayan nan nasa, Allah ya yafe mini, mutum ne da bai taɓa cewa "ban sani ba". Albasa yake sayarwa, amma ko haƙori ke maka ciwo yana da fatawa. Shi ya ja maigida kasuwa. Aka nuna musu ƙaramar, ya ture ta da bayan hannu.

"Wagga ta yara ta," in ji shi.

Ya zaɓi wata ƙatuwa cikin jaka, kayan Ƙonni na tsallaken iyaka, takardarta duk Faransanci, wanda a zuri'arsu babu mai karantawa. Dalilinsa biyu: tana da nauyi, kuma mai shagon ya soka ta a soket ɗin janareto lambobi sun yi tsalle.

A ƙofar gida aka taru, ina leƙensu daga zaure. Yaya ya ɗora wayoyin a kan batir, ja da baƙa, da natsuwa irin ta likita.

"Sifili! Batir ya mutu."

Aka aro na maƙwabci. Sifili. Aka ciro na babur ɗin da ya kawo Yaya yanzu-yanzu. Sifili.

"Yaya, to ai wanga shi ya kawo ka," maigida ya ce a hankali.

"Mi ka sani? Ƙarfin hali yaka yi. Batiran zamani duk gawa na."

Haka ya yi wa batir uku jana'iza kafin azahar, ya yanke hukuncin gobe a sayo sabo.

Da maigida ya shigo cin abinci ya ajiye mitar a tabarma, ya kasa kai loma. Tausayinsa ya kama ni. Na ɗauke ta don kada miya ta zuba mata, sai idona ya faɗa kan abin murɗawar. Yana kallon wata alama mai lanƙwasa, sak madda ta cikin Alƙur'ani. A gefe guda kuma ga wata mai miƙaƙƙen layi da ɗige-ɗige a ƙasa. Na tuna malaminmu na kimiyya a sakandare yana zana su a allo: mai lanƙwasa wutar gida, miƙaƙƙiya wutar batir. Tun daga shago ba wanda ya murɗa ta.

"Maigida, a kan madda take."

Ya dube ni, ya dubi mitar. Ƙane ba ya gyara wa wansa a gaban jama'a, balle a ji daga bakin mace gyaran ya fito. Sai ya murɗa ta da kansa zuwa kan miƙaƙƙiyar, ya mayar cikin jaka.

Bayan la'asar ya ce, "Yaya, ƙara gwadawa don albarka."

Lambobi suka fito. Batir lafiyarsa lau.

"To!" in ji Yaya. "Dama na san sai ta huce. Kayan Faransa ba su son rana."

Mai rewaya ya bi da su ta waya har aka kai ga wata wayar da ɓera ya ci a ƙarƙashin sitiyari. Washegari tarakta tana Lafani.

Mitar tana gidan Yaya har yau. Ba ya ba da aronta sai da sharaɗin a ajiye ta a inuwa tukuna.